Wuƙa a hannun sherif, nama a hannun kwamishinoni: rikicin iko a gundumomin Amurka

A farkon shekarun 1990, kwamishinonin gundumar Henry da ke jihar Jojiya a Amurka suka kafa rundunar 'yan sanda tasu ta kansu. Suka ɗauke aikin sintiri da na yaƙi da miyagun ƙwayoyi daga hannun sherif ɗin gundumar, wato zaɓaɓɓen babban jami'in tsaronta, suka zabtare kashi 47 cikin ɗari na kasafin kuɗinsa, sannan suka ce ya miƙa ma'aikata da kayan aiki ga sabuwar rundunar. Sherif Chaffin ya ƙeƙasa ƙasa ya ce ba za ta saɓu ba, ai jama'a ne suka zaɓe shi kamar yadda suka zaɓe su. Magana ta kai Kotun Ƙolin jihar, kuma a 1992 kotun ta yanke hukuncin da har yau ake kafa hujja da shi. Ta ce kwamishinoni suna da ikon rage kuɗin, muddin abin da ya saura zai ishi sherif ya sauke nauyin da doka ta ɗora masa. Amma da zarar sun ware masa kuɗi, ba hurumin su ba ne su gaya masa yadda zai kashe su wajen gudanar da aikinsa, kuma ba su isa su tuɓe masa rigar jami'in tsaro ta hanyar kasafi ba.

Kowane ɓangare ya fita kotu da abin da zai riƙe, kuma babu wanda ya fita da duka. Mu a Hausa idan muna son nuna cikakken iko sai mu ce wane shi ke da wuƙa da nama. To a gundumomin Amurka da gangan aka raba su: wuƙar tana hannun wani, naman yana hannun wani.

Kafin mu yi nisa, akwai kalmomin da za su iya rikita mai karatu. Kwamishina a wurinmu mutum ne da gwamna ya naɗa, kuma zai iya sallamarsa da sanarwa ɗaya a rediyo. Kwamishinan gunduma a Amurka zaɓaɓɓe ne, ya fi kama da kansila mai ƙarfin gaske. Su ukun nan ko biyar, wani wurin bakwai ko fiye, su ne majalisar gunduma: su ke yanka harajin gidaje da filaye, su ke amincewa da kasafi, su ke da gine-ginen gunduma har da gidan yari. Sunan majalisar yana canzawa daga jiha zuwa jiha. A Teksas ana kiranta kotun kwamishinoni duk da ba shari'a take yi ba, kuma ta ƙunshi kwamishinoni huɗu da wani shugaba da ake ce wa alƙalin gunduma. A Kalifoniya ana ce musu masu sa ido. Aikin dai kusan ɗaya ne.

Shi kuwa sherif, muƙami ne da ya girmi Amurka kanta. Daga Ingila aka taho da shi, inda tun fiye da shekara dubu da suka wuce yake wakiltar sarki a lardi, yana tara haraji yana kama masu laifi. Turawan da suka zauna a Bajiniya suka kafa shi a can tun ƙarni na 17. Yau akwai sherif wajen 3,000 a ƙasar, kuma kusan dukkansu zaɓarsu ake yi, akasari na shekara huɗu. Aikinsa uku ne a yawancin wurare: tsaron ƙauyuka da yankunan da ba su da 'yan sandan birni, kula da gidan yarin gunduma, da hidimar kotu, wato gadin ta da kai sammaci da aiwatar da umarnin alƙali. Abin da ya bambanta shi da shugaban 'yan sandan birni shi ne tushen ikonsa. Shugaban 'yan sandan birni ma'aikaci ne, magajin gari zai iya korarsa gobe da safe. Sherif kuwa a jihohi da yawa sunan muƙaminsa yana cikin tsarin mulkin jihar, don haka kwamishinoni ba iyayen gidansa ba ne. Sa'o'insa ne, waɗanda Allah ya sa jakar kuɗi take hannunsu.

A kan ma'aikata ne rabon ya fi fitowa sarari, kuma dokar Karolaina ta Arewa ta faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. Majalisar kwamishinoni ce ke ƙayyade yawan ma'aikatan da za a biya albashi a ofishin sherif. Amma ɗauka da kora da sa ido a kan waɗannan ma'aikata haƙƙin sherif ne shi kaɗai. Dokar ta yi wa kowane ɓangare shinge. Ba za a bar sherif da ƙasa da mataimaka biyu ba, komai fushin da majalisa ke yi da shi. Shi kuma idan yana son ɗaukar ɗan'uwansa na kusa, na jini ko na aure, ko mutumin da aka taɓa yanke wa hukunci kan laifin rashin gaskiya, sai majalisa ta amince. Teksas ma haka ta tsara: sherif ya rubuto yana neman gurabe, kotun kwamishinoni ta yanke adadi da albashi, sannan doka ta haramta wa kotun ko wani ɗan cikinta yunƙurin tsoma baki a kan wanda za a ba gurbin. Kwamishinoni su ke ƙirga kujeru, sherif ke zaɓar masu zama.

A takarda abin ya yi kyau. A aikace yana da wani gefe mai ɗaci, domin wanda ke shan wahalarsa shi ne ƙaramin ma'aikaci. Mataimakin sherif yana karɓar albashi daga baitulmalin gunduma, takardar albashinsa da hatimin gunduma take fitowa, amma kariyar da sauran ma'aikatan gunduma ke da ita ba lalle ta shafe shi ba. A 2016 Kotun Ƙolin Karolaina ta Arewa ta saurari ƙarar ma'aikatan ofishin sherif na gundumar Mecklenburg da suka ce an kore su ne saboda sun ƙi goyon bayan takarar maigidansu. Akwai dokar da ta hana a matsa wa ma'aikacin gunduma lamba kan siyasa, suka dogara da ita. Kotu ta ce dokar ba ta rufe su ba, domin su ma'aikatan sherif ne, ba na gunduma ba. Mutum ya yi shekaru yana sintiri cikin dare, rana ɗaya a ce masa inuwar da yake zaton yana ƙarƙashinta ba tasa ba ce. Wannan yana damuna ƙwarai, kuma shi ne farashin 'yancin da aka ba sherif, farashin da ba shi ne ke biya ba.

Kuɗi kuwa su ne inda ake dambe na gaske, kuma Fulorida ce ta fi kowace jiha nuna yadda damben yake. A can sherif yana miƙa buƙatarsa a farkon watan Yuni, shekarar kuɗi kuma tana farawa 1 ga Oktoba. Kasafin a kashe yake gida-gida. Akwai manyan rukunai na aiki, wato tsaro da gidan yari da hidimar kotu, a cikin kowanne kuma akwai ƙananan aljihuna: albashi da alawus, kuɗin gudanarwa na yau da kullum, sayen manyan kaya irin su motoci, da sauransu. Majalisa tana iya ƙarawa ko ragewa. Idan sherif bai gamsu ba, doka ta ba shi wata ƙofa da ba kowace jiha ke da ita ba: ya ɗaukaka ƙara zuwa wani kwamiti da ya ƙunshi gwamna da 'yan majalisar zartarwar jiha, su kuma suna iya tilasta wa gunduma ta ƙara masa. Wata dokar kuma ta ce dole a kiyaye 'yancin sherif wajen sayen kaya da ɗaukar ma'aikata da korarsu da yanka musu albashi.

Tambayar da ta rage ita ce: bayan an amince da kasafi, sherif zai iya ɗebo kuɗi daga wannan aljihu ya zuba a wancan ba tare da ya koma wurin majalisa ba? Ga yadda abin ke faruwa a zahiri. A ce an ware albashin mataimaka ɗari biyu, amma gurabe ashirin suka zauna babu kowa tsawon shekara saboda ba a samu masu neman aikin ba. Ƙarshen shekara sai ga rarar kuɗi masu kauri a aljihun albashi. Sherif ya dube su ya ce motocin sintiri sun tsufa, bari in sayi sababbi. Kwamishinoni su ce a'a, mu albashi muka amince da shi, da mun san mota za ka saya da mun auna ta da gyaran hanya da ɗakin karatu da motar asibiti. Sherif ya ce ni na san abin da tsaro ke buƙata, ku ba ku taɓa kwana a bakin titi ba. Kowannensu yana da gaskiyarsa.

Irin wannan saɓani ne ya haɗa gundumar Alachua, inda birnin Gainesville yake, da sherif ɗinta Sadie Darnell. Shari'ar ta daɗe har Darnell ta bar ofis, Clovis Watson ya gaje ta ya gaji ƙarar. A watan Janairun 2022 Kotun Ƙolin Fulorida ta ba gunduma gaskiya: sherif ba zai ɗebo kuɗi daga wannan aljihu ya zuba a wancan ba sai da yardar majalisa. Murnar gundumomi ba ta kai ko'ina ba. A cikin wannan shekarar majalisar dokokin jihar ta gyara dokar, ta rubuta ƙarara cewa sherif yana iya motsa kuɗi tsakanin rukunai bayan an amince da kasafinsa. Shekarun da aka kwashe ana shari'a, sakin layi ɗaya ya share su.

A nan ina ganin majalisar dokokin ta yi kuskure. Kasafi alkawari ne da aka ɗauka a bainar jama'a. An zauna a zaure, an kunna lasifika, tsohuwa mai biyan harajin gida ta tashi ta yi minti ukun da aka ba ta tana tambayar dalilin ƙarin haraji, aka ce mata don a ƙara mataimaka ne a unguwarsu. Idan bayan wata shida kuɗin suka koma wani abu daban ba tare da an sake zama ba, to amsar da aka ba ta ta zama ƙarya ko da babu wanda ya yi niyyar yi mata ƙarya. Komawa majalisa neman izini ba ya hana sherif aiki, sati biyu ne ko uku. Abin da yake hanawa shi ne a yi abu a ɓoye.

Wannan gyara na Fulorida ya tona wani abu da ake yawan mantawa: akwai na uku a cikin rigimar, kuma ya fi su biyun ƙarfi. Gunduma a Amurka 'yar jiha ce, ikon da jiha ta ba ta shi kaɗai take da shi. Sherif-sherif kuma suna da ƙungiyoyi masu faɗa a ji a majalisun jihohi, ga shi babu ɗan siyasar da ke son a ce ya juya wa jami'an tsaro baya. Bayan zanga-zangar da ta biyo kisan George Floyd a 2020, lokacin da aka yi ta kiran a rage kuɗin 'yan sanda, Teksas ta yi doka a 2021 cewa gundumar da mutanenta suka haura miliyan ɗaya ba za ta rage kasafin jami'an tsaronta ba sai ta kira ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Wadda ta saɓa, a ɗaure mata hannu kan ƙarin harajin gidaje. Wato ko naman ma ba duka ne ke hannun kwamishinoni ba.

Gidan yari ya ƙara ƙuntata musu. Hukumar kula da ƙa'idojin gidajen yari ta Teksas ta shar'anta gandiroba ɗaya ga fursuna 48. Sherif ba shi ke yanke yawan waɗanda za a kulle ba, 'yan sandan birni su kamo, alƙalai su ƙi ba da beli, shi dai ya buɗe ƙofa ya karɓa. Idan ɗakin da ke da mutum 48 ya samu na 49 da tsakar dare, dole a samo wani gandiroba, kuma yawanci wanda ya gama aikinsa ne za a ce ya tsaya, a biya shi kuɗin ƙarin lokaci. Haka kuɗin ke taruwa dare bayan dare har su fasa kasafi. Kwamishinoni za su yi faɗa, za su kira sherif ya yi bayani, amma a ƙarshe sai sun biya, domin aikin an riga an yi shi kuma dokar ƙwadago ta tarayya ba ta san uzurin kasafi ba.

Wani lokaci majalisa takan ja linzami da ƙarfi. A gundumar Los Angeles, wadda ke da ofishin sherif mafi girma a ƙasar, Alex Villanueva ya ci zaɓe a 2018, kuma tun daga makonnin farko suka saɓa da majalisar mutum biyar. Ya mayar da wani mataimaki da aka kora tun kafin zuwansa, wanda ya taya shi yaƙin neman zaɓe. Majalisa ta kai ƙara, kotu kuma ta ce mayarwar ba ta halatta ba, domin yarjejeniyar sulhun da aka yi da mutumin tana buƙatar amincewar lauyan gunduma da majalisa. A Oktoban 2019, da ofishin ya ci giɓin dala miliyan 63, majalisa ta riƙe kimanin dala miliyan 143 na kuɗin sayayyarsa har sai ya kawo tsarin cike giɓin. Duk da haka ba ta iya taɓa kujerarsa ba. Sai a Nuwamban 2022 masu zaɓe suka yi abu biyu rana ɗaya: suka kayar da shi suka zaɓi Robert Luna, suka kuma amince a ba majalisa ikon tsige sherif bisa laifi idan huɗu cikin biyar suka yarda. A wasu wuraren an bi wata hanyar. Gundumar King, inda Seattle take, ta mayar da muƙamin na naɗi a 2020. Fulorida kuwa ta nufi akasin haka, gyaran tsarin mulkinta na 2018 ya tilasta wa kowace gunduma zaɓen sherif, shi ya sa Miami-Dade ta zaɓi nata a 2024 bayan kusan shekara sittin ba ta da shi.

Mai karatu a Najeriya zai ji wani abu ya yi masa kama da na gida. Gwamna yana saya wa 'yan sanda motoci da mai, ana kiransa babban jami'in tsaron jiha, amma kwamishinan 'yan sanda daga Abuja yake karɓar umarni na ƙarshe, domin tsarin mulkin 1999 runduna ɗaya ya amince da ita. Iyayenmu kuma sun ga zamanin 'yan doka na En'e, lokacin da wuƙa da nama suke hannu ɗaya, kafin sojoji su haɗe su da 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Duk mai bin muhawarar 'yan sandan jihohi zai amfana da duba inda tsarin Amurka ke yoyo, kuma babban wurin yoyonsa shi ne tambayar wa zai biya idan aka yi ɓarna.

Amsar ta danganta da jiha. Walter McMillian ya yi shekara shida yana jiran a zartar masa da hukuncin kisa a Alabama kan laifin da bai aikata ba, aka sake shi a 1993. Ya kai ƙarar gundumar Monroe saboda abin da sherif ɗinta ya yi a binciken. A 1997 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce a tsarin Alabama sherif jiha yake wakilta idan yana aikin tsaro, don haka ba za a kama gunduma da laifinsa ba, duk da ita ke biyan albashinsa. A can gunduma ta tsira, wanda aka zalunta ya rasa ƙofa ɗaya ta neman diyya.

A Arizona abin ya juye. Joe Arpaio ya riƙe ofishin sherif na gundumar Maricopa daga 1993 zuwa ƙarshen 2016. A 2011 binciken gundumar ya gano cewa kusan dala miliyan 100 na kuɗin da masu zaɓe suka amince a kashe kan gidajen yari kaɗai an karkatar da su cikin shekaru zuwa wasu ayyuka, har da sintiri. A 2013 alƙalin tarayya Murray Snow ya yanke hukunci cewa ofishin yana tare direbobi 'yan asalin Latin Amurka saboda kamanninsu, ya kuma ɗora gyare-gyare: horo, kyamarori, mai sa ido daga waje, ƙarin masu binciken koke-koke. Majalisar gunduma ba ita ta tsara wannan tare direbobin ba, kuma ba ta da ikon hana shi lokacin da ake yi. Amma ita aka miƙa wa takardar biya. Kuɗin da shari'ar da gyare-gyaren suka laƙume sun haura dala miliyan 200, kuma ana ci gaba da biya shekaru bayan Arpaio ya faɗi zaɓe, bayan ma Shugaba Trump ya yi masa afuwa a 2017 kan laifin raina kotu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Arpaio ya sha tafi a talabijin, masu biyan haraji suka sha nauyi.

Shi ya sa nake ganin layin da ya dace a ja ba mai wuyar ganewa ba ne. Wanda za a bincika, wanda za a kama, wanda za a ɗauka aiki, waɗannan a bar wa sherif, domin ba ma son ranar da kwamishina zai ce a rage kuɗin bincike saboda an doso surukinsa. Dokar Kalifoniya ma haka ta ce, majalisa ta sa ido amma kada ta tare hanyar bincike. Amma kowace dala a san inda ta shiga, a littafin da wani wanda ba yaron sherif ba zai iya buɗewa duk ranar da ya so.

Abin da ke faruwa idan babu mai buɗe littafin an gan shi a Alabama. Wata tsohuwar doka ta sa jiha tana ba sherif dala 1.75 a rana don ciyar da kowane fursuna, kuma an daɗe ana fassara ta cewa abin da ya yi rara nasa ne na kansa. Kuɗin ba sa bi ta hannun kwamishinoni, don haka babu mai tambaya. A 2009 wani alƙalin tarayya ya saurari fursunonin gundumar Morgan, ramammu, suna bayyana ɗan abin da ake zuba musu a faranti, ya sa aka kulle Sherif Greg Bartlett na dare ɗaya, bayan ya amsa cewa ya ajiye wa kansa dala 212,000 cikin shekara uku daga kuɗin abincin. A 2018 aka gano Todd Entrekin na gundumar Etowah ya kwashi fiye da dala 750,000 ta wannan hanya cikin shekara uku, ya kuma sayi gida a bakin teku na dala 740,000. Ya ce doka ce ta ba shi, kuma ba a gurfanar da shi a kai ba. Masu zaɓe suka kayar da shi a zaɓen fid da gwani na wannan shekarar. Sai a 2019 majalisar dokokin Alabama ta ƙara kuɗin zuwa dala 2.25, ta kuma wajabta a riƙa zuba su a asusun hukuma na musamman wanda sherif ba zai iya kai rararsa gida ba.